Buhu Na Masara Ne: Yadda Za Ka Zaɓi Jakar Kayan Aikin Lantarki

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashenmu na lantarki da ke shirin fita SIWES. Kowa a cikinmu ya haddace jerin abin da zai saya: filaya, kota, sukundireba, testa, mita. Har gardama muke yi a bakin aji a kan wace mita ce ta fi wata. Amma ban taɓa jin wani ya tambayi abokinsa, "To a cikin me za ka zuba su?" ba. Ni ma ban yi wannan tambayar ba, sai da na ji a jikina.

A Gyallesu nake zaune, kuma da muka gama ND 1 na yi wata huɗun SIWES ɗina a wajen wani maigida mai aikin wayarin a nan Tudun Wada. Kayana duka a ƙaramin buhu nake zuba su, irin wanda ake sayo cefane a ciki. Guduma, cizal, filaya, mita, ƙusoshi, har da ragowar burodi wani lokacin. In ina neman abu sai in zura hannu in yi ta lalube, in ya ƙi samuwa in zazzage buhun a ƙasa.

Wata rana cikin watan Agusta aka kira mu wani gida a unguwarmu, fankar falo da ƙwayaye biyu sun daina aiki. Maigidana ya duba, ya ce matsalar tana cikin silin, ya tafi sayo waya. Kafin ya fita ya ce da ni, "Ka kashe babban makunni kafin ka hau." Na ce to. Amma a raina na ce ai babu wuta tun safe, me zan kashe? Na hau tsani na shiga silin da filaya kawai. Sai da na isa wajen haɗin wayoyin na tuna testa tana can ƙasan buhu, a tsakar gida. Ƙyuya ta hana ni sauka. Na kama waya ke nan sai na ji yara a waje sun ɗauki ihu, "Nepa!" Abin da na sani kawai shi ne hannuna ya ƙage, na fizge da ƙarfi, ƙafata ta ɓurma silin ɗin mutane, na tsaya rataye a kan katako.

Allah Ya sa da sauran kwana. Da maigidana ya dawo bai yi faɗa ba tukuna. Ya karɓi filayar ya juya ta, ya nuna mini wata 'yar tsaga a jikin robar mariƙinta, daidai inda tafin hannuna yake zama. Bakin cizal ne ya yanke ta a cikin buhu, ban ma san ranar ba. Ya ce, "Kai yaro, buhu na masara ne. Kayan wuta ba a haɗa su daka ɗaya." Kuɗin gyaran silin a cikin ɗan abin da na tara aka cire.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Babban laifina shi ne ƙin kashe makunni, kuma babu jakar da za ta yafe wannan. Amma buhun ya taimaka ta hanya biyu: ya lalata mini filaya, ya kuma nisanta ni da testa a lokacin da nake buƙatarta. Ku yi lissafin da kanku. Wutar gidajenmu volt 230 ce. Jikin da ya jiƙe da zufa, turjiyarsa tana iya sauka zuwa wajen ohm 1,000. Dokar Ohm ta ce wajen miliamfiya 230 ke nan za su ratsa ka, alhali na'urar kariyar da ake sa wa domin ceton rai a miliamfiya 30 take yanke wuta. Ka ga tazarar.

Abin da zabira ta koya mini

Bayan kwana biyu ina zaune a ƙofar gida, wanzamin da ke yi wa mahaifinmu aski ya zo. Na sha ganinsa tun ina yaro, amma ranar ce na lura da zabirarsa. Kowace aska da aljihunta. Ƙaho da wurinsa, almakashi da wurinsa, hantsaki da dutsen washi kowanne da nasa. Yana hira da Baba, idonsa a kan kan da yake askewa, ya miƙa hannu ya ɗauko abin da yake so ba tare da ya duba ba. Da ya gama ya leƙa zabirar sau ɗaya, ya rataya, ya yi sallama. Na ce, "Baba, ba ka ƙirga ba." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in aljihu ya yi fayau ai shi zai faɗa mini."

Wannan ita ce maganar gaba ɗaya. Dukawan ƙasar Hausa sun daɗe da warware matsalar da kamfanonin ƙasashen waje ke sayar mana da maganinta da tsada. Jakar kayan aiki ta gari ayyuka uku take yi. Tana raba mai yanka da wanda ake yankawa. Tana sa hannunka ya san mazaunin kowane abu. Tana kuma sanar da kai abin da ya ɓace da kallo ɗaya. Duk jakar da ta kasa waɗannan ukun, komai kyawunta da sunan da ke jikinta, buhu ce mai zif.

Na ukun nan ba ƙaramin abu ba ne. A harkar gyaran jirgin sama, irin wadda ake koyarwa a kwalejin jiragen sama da ke nan Zariya tun 1964, ƙa'ida ce a tabbatar kowane sifana ya koma mazauninsa kafin a sallami jirgi, domin ƙarfe ɗaya da aka manta a cikin inji ya isa ya jawo asarar rayuka. Mu ma haka ne. Sukundireba da aka manta a cikin akwatin rarraba wuta, ranar da ta zame ta haɗa layi biyu, gobara ce a gidan mutane, kuma sunanka za a kira.

Fara da aikin, ba da jakar ba

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu ga jaka a kasuwa ta burge mu, mu saya, sannan mu fara tunanin abin da za mu zuba. A juye ake yi. Shimfiɗa tabarma, ka baje duk kayanka, ka kasa su kashi uku.

Kashi na farko, waɗanda kake taɓawa kusan kowane minti goma: filaya, kota, sukundireba mai baki ɗaya da mai tauraro, testa, wuƙar feɗe waya, salatif, tef ɗin awo. Kashi na biyu, waɗanda kake buƙata sau ɗaya ko biyu a yini: mita, guduma, cizal, zarto, tocila, sifana, igiyar jan waya a bututu, sifirin lanƙwasa bututu. Kashi na uku, masu nauyi ko na lokaci-lokaci: diril da bakunansa, injin yanka bango, naɗin waya na 1.5 da 2.5, gam ɗin bututu.

Kashi na farko a jikinka ya kamata ya zauna. Na biyu a jakar da ke kusa da kai. Na uku a shago ko a ɗaki, sai ranar da aikinsa ya taso. Da na fara wannan rabon na gane rabin nauyin da nake ɗauka kullum daga Gyallesu ba na ko taɓa shi.

Sai ka tambayi kanka: da me nake zuwa aiki? Wanda ke da mota da wanda ke hawa acaɓa ko Keke Napep daga Agoro zuwa Samaru ba jaka ɗaya za su saya ba.

Ire-iren da za ka tarar

Ɗamarar ƙugu. Ita ce 'yar jakar da ake ɗaurawa da bel, mai aljihu huɗu zuwa takwas. Ita ce gidan kashi na farko. In kana kan tsani ko cikin silin, hannuwanka biyu suna sake, kayanka kuma suna tare da kai. Da ina da ita a ranar nan, da testa tana ƙuguna. Aibinta shi ne in ka cika ta, tana jan ƙugu gefe guda, da yamma ka ji bayanka yana ciwo. Kuma ka daina sa sukundireba a aljihun wando. Zama ɗaya za ka yi da gaggawa ka gane dalili.

Jakar hannu mai buɗaɗɗen baki. Tana tsayawa da kanta, kayan suna tsaye a aljihunansu, kana ganin komai. Ta dace da aikin cikin gida inda za ka wuni wuri ɗaya. Amma a kan babur kayan na iya zubewa, ƙurar hunturu tana shiga yadda ta ga dama, kuma a wurin gini mai jama'a da yawa, buɗaɗɗen baki gayyata ce ga mai dogon hannu.

Jakar goyo ta kayan aiki. A ganina ita ce ta fi dacewa da ɗalibi. Nauyin yana rabuwa a kafaɗa biyu, kana iya hawa babur ko tsani da ita, tana da zif. Amma ka bambanta ta da jakar littattafai. Ta kayan aiki tana da jerin aljihuna a tsaye a ciki, da gindi mai tauri, da bayan da aka yi wa soso don kada bakin ƙarfe ya soke ka. Jakar makaranta kuwa, wata guda cizal zai yi mata ƙofa.

Akwati. Akwai na ƙarfe, akwai na roba. Na ƙarfe yana da ƙarko, ana sa masa kwaɗo, kuma masu walda a gari suna ƙera shi daidai girman da kake so. Sai dai yana da nauyi, yana tsatsa, kuma shi kansa wuta na bin sa. Masu aikin sola su kula da wannan sosai: in akwatin ƙarfe ko sifana ya haɗa kawunan batirin inbata, ko da volt 12 ne, ɗaruruwan amfiya za su wuce nan take, ƙarfen ya yi ja, batirin na iya fashewa. Na roba mai kauri ya fi dacewa da mu, kuma shi ne gidan da ya kamaci diril da mita mai tsada.

Naɗi. Ƙyalle ne mai kauri da aka ɗinka wa jerin aljihuna, ka jera kaya ka naɗe ka ɗaure. Shi ne ɗan uwan zabira na kusa, shi ne kuma mafi araha.

Akwatuna masu hawa-hawa. Za ku gan su a bidiyon ma'aikatan Amurka da Turai, irin na Milwaukee da DeWalt, ana ɗora su kan juna su maƙale, ana jan su da taya. Suna da kyau, amma an yi su ne domin wanda ke da motar aiki da daɓen siminti. Ka ja ɗaya a lungunan Gyallesu cikin damina ka gani. Kada su hana ka barci yanzu.

In ka shiga kasuwa

Ko Sabon Gari ka je ko wajen masu gwanjo, kada ka tsaya a kan launi da suna. Sunaye irin su Stanley, Ingco da Total suna nan a shaguna, amma suna kaɗai ba ya ɗaukar kaya, kuma jabu ba ya wuya. Ka tafi da filayarka da sukundirebarka mafi tsawo, ka gwada su a aljihunan. Sannan ka duba waɗannan:

Gindi. Nan ne jaka ke fara mutuwa. Nemi mai gindin roba mai tauri wanda ya ɗan hau gefe kamar kwano. Za ka ajiye ta a kan jiƙaƙƙen siminti da laka, gindin ƙyalle kuwa yana shan ruwa ya kai wa kayanka.

Ɗinki. Juya cikinta waje. Inda mariƙi ya haɗu da jiki, ɗinki biyu ne ko ɗaya? Akwai ƙusar ƙarfe? Mariƙin da ya zagaye ta ƙarƙashin jakar ya fi wanda aka liƙa a baki kawai. Ka ja shi da ƙarfi a gaban mai shago, ba rashin kunya ba ne.

Zif. Mai manyan haƙora, wanda ke tafiya ba gardama. Buɗe, rufe, sau biyar. Zif ɗin da ya fara cijewa a shago ba zai ga ƙarshen hunturu ba.

Ƙyalle. Za ka ga an rubuta 600D ko 1680D. Wannan lambar kaurin zaren take nunawa: nauyin giram na zare mai tsawon mita 9,000. Mai babbar lamba ya fi kauri. In babu rubutu, ɗaga ƙyallen a rana. In kana hango haske ta cikinsa, ajiye.

Launin ciki. Ƙaramin abu ne amma yana da amfani. Cikin jaka mai haske, ruwan ɗorawa ko ja, ya fi baƙi sauƙin gano ƙaramin sukuru a ɗakin da babu wuta.

Lambar IP, in akwati ne. Mun yi ta a aji: lamba ta farko ƙura, ta biyu ruwa. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma yana jure feshin ruwa. Yawancin jakunkunan ƙyalle ba su da wannan lambar, don haka in mai shago ya ce maka "ruwa ba ya shiga," ka ɗauka yayyafi yake nufi, ba ruwan Agusta ba.

Girma. Kada ka sayi wadda ta fi kayanka nesa. Babbar jaka cika kanta take yi da tarkace. Ka bar wurin abu uku ko huɗu da za ka ƙara nan gaba, shi ke nan.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma tsada ma ba ita ce shaida ba. Gwajin hannunka ya fi farashi gaskiya.

Yadda ake jera su

Masu kaifi da masu nauyi, wato cizal, guduma, zarto da bakunan diril, su zauna ɓangare guda, bakinsu a rufe. Guntun tiyo ko bututun roba ya isa ya zama kube ga cizal. Masu mariƙin roba su tsaya a aljihunansu, kai ƙasa mariƙi sama.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Ba kowace roba ce kariya ba. Kayan da aka yi domin aiki kusa da wuta suna ɗauke da alamar kusurwa uku guda biyu da rubutun 1000V, bisa ƙa'idar IEC 60900, kuma ana gwada su a volt 10,000 kafin su bar masana'anta. Sauran, robar don daɗin riƙo ce kawai. Amma ko na asalin, da zarar robar ta tsage, kariyar ta tafi, kuma naɗa salatif ba ya mayar da ita. Irin waɗannan kaya su ne suka fi cancantar aljihu na kansu.

Mita ta zauna a 'yar jakarta mai soso, a sama, ba ƙarƙashin guduma ba. Wayoyinta a naɗe su a hankali, kada a ƙulle su a jikinta har su karye ta ciki. Mitar da wayarta ta katse a ɓoye za ta nuna maka sifili a kan layi mai wuta. Saboda haka kafin ka yarda da ita, gwada ta a inda ka san akwai wuta, ka auna inda za ka yi aiki, ka sake gwada ta. Testar nan mai ƙwai kuma, ishara ce kawai, ba hujja ba ce cewa layi ya mutu.

Sukuru, kilif, noti da fis su shiga 'yar roba mai ɗakuna, ko gwangwanaye masu murfi da ka rubuta wa suna. Kada su yi yawo tare da batirin diril, domin ƙusa ɗaya na iya haɗa bakunansa. Batirin kuma kada a bar shi cikin jaka a tsakar rana ta watan Afrilu, zafi yana rage masa rai. Gam ɗin bututu da man inji su zauna a aljihun waje cikin leda, don in sun zube suna cin roba.

Damina da hunturu

Garinmu yana da maƙiyan kaya guda biyu. Daga Mayu zuwa Oktoba danshi ne. In ruwa ya taɓa jakarka, da ka isa gida ka fitar da komai, ka goge, ka bar ta a buɗe ta sha iska. Ka riƙa ajiye babbar leda a ciki don rufe ta a kan babur. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, kada ka yar, jefa su wajen mita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙura ce. Tana cin zif, tana shiga makunnin mita. Duk ranar Juma'a nakan zazzage jakata, in kakkaɓe, in goga kyandir a zif, in ɗiga mai a gaɓar filaya, in duba kowane mariƙi a haske ko akwai tsaga. Minti goma ne.

In aljihu babu nauyi

Na san halin da muke ciki. Ga kuɗin makaranta, ga na handawut, ga na abinci. To ga abin da na yi. Na sayi yadi ɗaya na tamfol mai kauri, na kai wa wani tela a Tudun Wada tare da kayana. Muka jera su a kai, ya zana da alli, ya ɗinka mini naɗi mai aljihu goma sha biyu, kowanne daidai da mai shi. Wani baduku ya yi mini 'yar ɗamarar fata mai aljihu biyar. Na samo jakar goyo mai kauri a gwanjo, na yanka gindin tsohuwar jarka na shimfiɗa a ƙasanta. Guduma da cizal kuma suna cikin tsohon bokitin fenti mai murfi, wanda yake zame mini kujera in na gaji. Duka-duka bai kai kuɗin silin ɗin da na biya ba.

Na kuma shafa jan fenti a wuyan kowane ƙarfe nawa, domin a wurin aiki filaya duk kamarsu ɗaya, kuma "na ɗauka tawa ce" ta raba abokai da yawa. A murfin jakar na liƙa takarda mai jerin kayan. Kafin in rufe kowane akwatin wuta, sai na leƙa naɗina. In aljihu ya yi fayau, ba na tafiya.

'Yan uwa mata da ke sashenmu, wannan maganar har da ku. Ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ta ce ɗamarar ƙugu ba ta yi mata daidai da hijabi, sai ta sa aka ɗinka mata 'yar jakar ratayawa a kafaɗa mai irin aljihunan. Aikin ɗaya ne. Abin kula kawai, duk abin da ke lilo, igiyar jaka ce ko bakin mayafi, a tattare shi kafin a kunna diril.

Akwai kuma abin da ba a faɗa mana a aji. Mai gida ba ya iya auna iliminka, amma yana ganin yadda ka buɗe kayanka. Wanda ya zazzage buhu a tsakiyar falo yana neman testa, da wanda ya warware naɗi komai a jere, ba farashi ɗaya ake yi musu ba, kuma ba su biyun ake sake kira ba.

Filayar nan mai tsaga tana nan rataye a ƙusa a ɗakina, ban sake aiki da ita ba, ban kuma yar ba. Kafin ku fita SIWES, ku shimfiɗa tabarma ku baje kayanku yau ɗin nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a abin da muke koyo.